Mu Biyu a Bakin Ƙofa

Shekara biyu Keziya na naci,
tun tana tsayin teburin cin abinci
har ta kai ƙusar da muke rataye makulli.
Ranar da na ce "to",
ban san shari'a na buɗe ba.

Ta kawo hoton Labarado, launin gasasshen burodi,
ƙirji kamar turmi, wutsiya ba ta san hutu ba.
Ta ce, "Baba, duba, dariya yake yi."
Gaskiya ne, dariya yake.
Amma na san na Mista Holroyd na lamba tara.
Na ga ranar da ya faɗa kogi a tsakiyar Janairu
don murna kawai,
ya dawo ya kakkaɓe taɓo a labulen falo.
Ya taɓa haɗiye safa da rabin man shanu,
likitan dabbobi ya cinye albashin mako.

Gidanmu kuwa tsukuku ne, ɗaki biyu sama, biyu ƙasa,
in maƙwabci ya yi tari, mu ke cewa sannu.
Tsakar gida, ka shanya zane uku ta cika.
Rifkatu na kwana asibiti tana juya tsofaffi,
ta dawo da asuba, barci ne abincinta.
Ni ina bayan sitiyarin bas tun ƙarfe biyar,
Halifax zuwa Bradford, Bradford zuwa Halifax,
gwiwar hagu ta fara kai ƙarata.
Wa zai bai wa wannan ƙato awa biyu a kan tudu,
cikin yayyafin da ba ya zuba, ba ya kuma ɗaukewa?

Rifkatu na cire takalmi ta ce, "Wifet fa?"
Keziya ta taɓe baki.
"Wannan ƙashi da rai?
Sai a ce ba ma ba shi abinci."

Asabar muka hau mota zuwa Sowerby Bridge,
gidan wata dattijuwa, Misis Ackroyd.
Ta ɗaga bargo a kan kujera,
sai ga shi, siriri kamar karan dawa,
ciki a ɗame, kunne a naɗe, ido na kallon ƙasa.
Gabana ya faɗi.
Bar-su na gani, karen kawuna Jatau na Malumfashi,
wanda zomo bai taɓa tsere masa a fadama ba,
mai kwana cikin tokar murhu in dare ya yi sanyi.
Shekara talatin ban tuna da shi ba.

Matar ta ce, "Ku ba shi fili ya yi gudu kamar kibiya,
sauran yini barci ne.
Haushi sai ta kama.
Amma in ya hango kurege ba ya jin kira,
kujerar da kuka fi so kuma ta zama tasa.
Ba ya shiri da ruwa.
Ba ya fita sai da riga."
Rifkatu ta dube ni ta ƙyalƙyale,
"Ashe ɗan'uwanka ne."

Keziya ba ta ce uffan ba.
Ta zauna a ƙasa, ta juya masa baya don fushi.
Ya sauko a hankali, ƙafa ɗaya, ƙafa ɗaya,
ya cusa dogon bakinsa cikin hammatarta
yana karkarwa.
Ta daɗe ba ta motsa ba.

Hoton Labarado na nan a bangon ɗakinta,
ta ce in ta girma ta sayi gida mai fili.
Na ce Allah ya kai mu.

Yanzu kullum magariba, mu biyu a bakin ƙofa,
ni da kwat, shi da tasa, ja, mai maɓalli a wuya,
muna kallon ruwa na bin kwalta.
Ya dube ni, na dube shi.
Ba wanda ke son ya fara fita.